Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Yi wa Barewa Noma a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun aikin gona a jihar Jojiya ta Amurka. Akwai wani dattijo da nake taya aiki a ranakun hutu, yana da fili mai faɗi wanda fiye da rabinsa daji ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yana shuka wake da alkama amma ba ya girbewa, ya ce na bareyi ne, kuma kowane wata yana da wata damuwa daban game da su, alhali a ƙarshen shekara kawai ake farautar. Ina so a yi mini bayanin wannan ɗawainiya, da kuma ko tana da amfani ko ɓarnar dukiya ce. Daga wani ɗalibi a Jojiya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, bareyin da ke yawo a filin dattijon nan ba nasa ba ne. A dokar Amurka namun daji dukiyar jama'a ce da gwamnatin jiha take riƙe da amanarta, ita ke yanke ranar buɗe farauta da ranar rufe ta, da adadin da maharbi zai harba, kuma galibi sai da lasisi. Ikon mai fili ya tsaya ne a kan ƙasa da abin da ya tsiro a kanta, da kuma wanda zai bari ya shiga. Tun da ba zai iya ɗaure barewa ba, hanyar da ta rage masa ita ce ya sa filinsa ya fi na maƙwabta abinci da maɓoya, domin barewa mai farin bindi, wadda ita ce irin da ke yankinku, takan yi zirga-zirga a cikin abin da ya kai hekta 250 ko fiye, ba ruwanta da iyakar gonar kowa.

Wannan tsari wahala ce ta haife shi. Wajen shekarar 1900 farautar kasuwa da saran daji sun rage irin wannan barewa zuwa ƙasa da rabin miliyan a duk faɗin ƙasar, har sai da jihohi da dama, ciki har da Jojiya, suka riƙa kwaso bareyi daga wasu jihohi suna saki a dazuzzukansu. Dokar Lacey ta 1900 ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, sannan dokar Pittman da Robertson ta 1937 ta ware harajin bindigogi da harsasai domin kula da namun daji. A yau ana ƙiyasta yawansu da kusan miliyan 30. Ke nan damuwar dattijonka ta bar batun ƙarewar bareyi, ta koma batun yadda ƙasa za ta ɗauki nauyinsu.

Shekarar mai fili tana farawa ne daga ranar da aka rufe farauta, wajen Janairu, kuma a ganina aikin watanni biyun da ke biye shi ne mafi muhimmanci, ko da yake shi ne mutane suka fi rainawa. Barewa ba ta rayuwa da dogayen itatuwa, abin da bakinta ya kai take ci, wato tofo da ganyen ƙananan tsirrai da ba su wuce mita ɗaya da rabi ba. Dajin da rassansa suka haɗe a sama suka tare rana yana da kyan gani, amma idan ka shiga ƙarƙashinsa za ka tarar da busasshen ganye kawai, babu abin ci, babu wurin ɓuya. Shi ya sa a watan Fabrairu za ka ga mai fili da injin yankan katako yana rage itatuwa marasa amfani domin hasken rana ya sauko ƙasa, yana barin bishiyoyin da ake kira ok, waɗanda bareyi ke cin 'ya'yansu, sannan ya saka wuta a wani sashe na dajin. Aldo Leopold, wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan fanni a Amurka, ya faɗa tun 1933 cewa kayan aikin da suka lalata namun daji, wato gatari da garma da saniya da wuta da bindiga, su ne kuma za su iya dawo da su idan an san yadda za a sarrafa su. A daidai wannan lokaci na shekara ne kuma mazan suke zubar da ƙahoninsu, domin ƙahon irin wannan barewa ƙashi ne mai rassa da yake faɗuwa kowace shekara ya sake tsirowa, saɓanin na barewarmu da gada da ke zama har mutuwa. Masu filaye sukan zaga su tsince su, daga nan su gane waɗanne maza ne suka tsira daga farauta.

Daga Afrilu zuwa Yuni hankali yakan koma kan mata da 'ya'yansu. Cikin barewa kimanin kwana 200 ne, haihuwa takan kama daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma lafiyayyar uwa tagwaye ta fi haifa. Jaririn yakan kwanta lamo a cikin ciyawa, ba ya motsi, uwar tana can nesa, sai 'yan lokuta kaɗan a yini take zuwa shayar da shi. Wanda ya san abin da yake yi ba ya shigar da tarakta ya yanke ciyawa a waɗannan makonni, saboda injin yakan bi ta kan jarirai, waɗanda suka tsira kuma ya bar su a sarari ga koyoti, wato dilan ƙasar. Uwa mai shayarwa da namijin da ƙahonsa ke tsirowa duk suna bukatar abinci mai gina jiki, kuma a nan ne waken da ka gani ya shigo. Irin wakenmu ne, wanda asalinsa daga nahiyar Afirka aka kai shi can, kuma masu filaye a kudancin Amurka suna son sa ne saboda yana jure zafi da fari, ganyensa kuma bareyi ba sa ƙoshi da shi. Wasu sukan haɗa shi da waken suya, ko su zagaye gonar da dawa domin ta zama shinge.

Watan Agusta da farkon Satumba su ne lokacin ƙunci a kudu. Ganye ya tsufa ya yi tauri, 'ya'yan ok ba su fara zuba ba, tafkuna sun ja baya sun bar taɓo. A wannan taɓon ne wasu ƙananan ƙudaje masu cizo suke hayayyafa, su ne ke yaɗa cutar zubar jini da ake kira EHD, wadda take sa barewa zazzaɓi mai tsanani har ta nufi ruwa, shi ya sa a bakin rafi ake tsintar gawarwakinsu. Ba ta da magani, sai sanyin farko ya sauka ya kashe ƙudajen take lafawa. A wannan lokacin ne kuma ake ɗaura kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu a jikin itatuwa domin a ƙirga maza da mata da 'ya'ya, a gwada ƙasa a zuba garin farar ƙasa idan tsaminta ya yi yawa, a shuka alkama da dangoginta waɗanda za su yi kore a hunturu, a kuma duba dandamalin da maharbi ke hawa a kan itace, domin faɗowa daga nan na cikin manyan musabbaban raunin maharba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan kaka ta shiga, wato daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin barbara ya zo, kuma gajartar yini ce ke tayar da shi, shi ya sa ba ya saɓa lokacinsa ko ana sanyi ko ba a yi. Mazan sukan bar cin abinci su yi ta bin mata dare da rana, har wani ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, kuma a watan Nuwamba ne motoci suka fi bankar bareyi a kan tituna. Babbar shawarar da ke gaban mai fili a nan ita ce wace barewa za a harba. Ƙungiyar da wani masanin namun daji mai suna Joe Hamilton ya kafa a jihar Karolina ta Kudu a 1988, wadda a 2020 ta haɗe da wata ta zama ƙungiyar bareyi ta ƙasa, ta daɗe tana kira da a ƙyale samarin maza 'yan shekara ɗaya da rabi su girma, a kuma rage mata gwargwadon abincin da ke akwai. Tsofaffin maharba da yawa sun ƙi wannan da farko, domin an tashe su a kan cewa harbin mace abin kunya ne, kuma a zamanin ƙarancin bareyi suna da gaskiya. Yau kuwa filin da mata suka yi wa yawa za ka gane shi da ido: duk ganyen da baki ya kai an cinye shi, itatuwa sun yi layi ɗaya a miƙe kamar an aske su, 'ya'yan suna fitowa ƙanana.

Game da ko ɓarna ce, amsata ita ce ya danganta da inda kuɗin ya tafi. Gonar wake takan ɗauki ɗan kaso ne kawai na filin, kuma ita ta fi cin kuɗi, ita ce kuma kamfanonin iri suka fi tallatawa, amma mafi yawan abin da barewa ke ci daga daji yake fitowa. Wanda ya shuka wake ya bar dajinsa a rufe, bai rage mata ba, bai kuma yi shawara da maƙwabtansa ba, bareyi za su cinye shukar tun tana tsiro. Akwai kuma riba ta zahiri, domin masu filaye da yawa suna ba maharba hayar dajinsu, kuma a jihar Texas, inda kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasa ke hannun masu zaman kansu, tun 1995 aka yarda mai kula da namun daji ya ci gaba da samun sassaucin harajin da manomi da makiyayi ke samu.

TAMBAYA: Malam, na ga bidiyon Turawa suna cinna wa daji wuta suna cewa gyara ne, alhali mu kullum ana yi mana faɗa a kan ƙona daji. Mene ne bambancin? Daga wani manomi a Bauchi.

AMSA: Bambancin yana da girma, Malam. Wutar da ake sakawa a wurinmu a tsakiyar rani, sau da yawa domin a koro zomo ko gafiya, tana tashi ne lokacin da komai ya bushe ƙarau kuma iskar hunturu na kaɗawa, babu mai tare ta, ta cinye abincin dabbobi da ƙananan itatuwa, wani lokaci har da amfanin gonar da ba a kwashe ba, ta bar ƙasa tsirara watanni kafin ruwa ya sauka. Tasu kuwa sai an nemi izinin hukumar gandun daji, an zagaye wurin da huɗar garma domin wutar ta tsaya a nan, an duba iska da damshi, sannan a kunna ta ta fuskar da za ta riƙa tafiya a hankali tana tunkarar iska, harshenta bai wuce gwiwa ba. Sashe ɗaya ake ƙonawa a bar sauran, kuma ba a komawa kansa sai bayan shekara biyu zuwa huɗu. Ƙasarsu tana da damshi, cikin 'yan makonni sabon tsiro ya fito. Ko a wurinmu masana gandun daji sun bambanta wutar farkon rani, tun ciyawa na da sauran ɗanye, da ta ƙarshensa mai ɓarna, don haka kada bidiyon ya zama hujja ga mai neman gafiya da ashana.

TAMBAYA: Mijina yana zuba wa bareyi masara a bayan gida idan ƙanƙara ta rufe ƙasa, saboda tausayi. Maƙwabcinmu ya ce haramun ne a doka. Gaskiya ne? Daga wata uwargida a jihar Wiskonsin.

AMSA: Hajiya, akwai alamar maƙwabcinku yana da gaskiya, domin a yawancin gundumomin Wiskonsin an hana ciyar da bareyi, sai ku duba dokar gundumarku a wurin hukumar albarkatun ƙasa ta jihar. Dalilai biyu ne. Barewa dabba ce mai tuƙa, kuma ƙwayoyin da ke narkar da abinci a tumbinta sukan saba da tsinke da tofo a hunturu, idan ta cika ciki da masara farat ɗaya tumbin yakan yi tsami ya kashe ta, kamar yadda yake faruwa ga akuyar da ta faɗa wa buhun hatsi. Dalili na biyu ya fi tsanani, wato cutar CWD mai cinye ƙwaƙwalwa, wadda aka fara lura da ita a jihar Kolorado a 1967, aka gano ta a jiharku a 2002, yanzu kuma ta bayyana a jihohi fiye da 30. Wani gurɓataccen furotin ne ke haddasa ta, yana fita ta miyau da fitsari da kashi, yana kuma zama a ƙasa shekaru da yawa, don haka tara bareyi baki da baki a kan tulin masara hanya ce ta yaɗa ta. Ba ta da magani ko rigakafi. Ba a tabbatar ta taɓa kama mutum ba, amma hukumomin lafiya na Amurka sun ba da shawarar a gwada duk barewar da aka harba a yankin da cutar take, kuma kada a ci naman wadda aka same ta da ita. Idan maigidan yana son taimaka musu kuma kuna da itatuwa, ya sare 'yan rassa ya bar su a ƙasa a warwatse domin su ci tofon, ya kuma hana karnuka korarsu a watan Maris, lokacin da kitsen jikinsu ya kusa ƙarewa.