Yadda hasken leza ke tayar da filin lantarki a jikin ƙarfe

Malam, ka ce ɗalibanka a Ringim sun tambaye ka: tunda haske ba shi da caji, ta yaya leza ke haifar da filin lantarki a cikin abin da ta buga?

Haske kansa filin lantarki da maganaɗisu ne mai kaɗawa. In aka tattara shi ya kai wat biliyan sau biliyan a kan murabba'in santimita ɗaya, sai ya fizge elektron daga atom. Elektron nauyinsu kaɗan ne ƙwarai, nan take su ratsa fallen ƙarfen da bai kai kaurin gashi ba, su ɓulla ta baya. Ayon kuwa, wato atom ɗin da suka rasa elektron, nauyi ya hana su saurin motsi. Wannan rabuwar caji ita ce filin, kuma yakan kai kusan bolt tiriliyan ɗaya a kowace mita. Ka gaya wa yaran cewa bolt miliyan 3 a mita ya isa ya keta busasshiyar iska da tartsatsi, su auna tazarar da kansu.

Filin ba ya daɗewa ko kaɗan, amma yana fizgar furoton, wato ƙwayoyin cibiyar atom masu cajin da ya saɓa wa na elektron, daga danshi da dattin bayan fallen. A shekarar 2000 masu bincike a Livermore, Amurka, sun ba da rahoton furoton masu kuzarin MeV 58 (MeV ɗaya shi ne kuzarin da elektron ke samu daga bolt miliyan ɗaya) ta wannan hanya.