Na sa sabuwar hita a gidana a Amurka: nawa za a rage mini a haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kolombus ta jihar Ohayo da iyalina, shekara huɗu ke nan da muka sayi wani tsohon gida. A watan Nuwamban 2025, sanyi na kankama, hitar gidan ta mutu murus. Kamfanin da na kira suka ba ni shawarar in sa na'ura biyu a haɗe: famfon zafi mai aiki da lantarki a waje, da murhun gas a ɗakin ƙasa wanda zai karɓa idan sanyi ya tsananta. Duka aikin dala 15,000, ina biya wata-wata. Mai tallan ya ce kada in damu, gwamnati za ta mayar mini da kashi 30. Kamfanin wuta ma sun turo mini cakin dala 500. Yanzu kuma wani a masallaci ya ce Trump ya soke abin. A takardar da ke jikin murhun an rubuta 96. Ina aikin sito da rana, ina ɗan jan Uber da dare, yarana uku. Dala 4,500 ɗin nan na nan, ko in cire rai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya raya zuri'a. Kada ka cire rai, amma ka rage buri. Bisa abin da ka faɗa, dala 2,000 nake hango maka, ba 4,500 ba, ita ma sai an duba wasu abubuwa da zan zo kansu. Mai tallan bai shara maka ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa ya haɗiye sauran. Mutumin masallaci ma da gaskiyarsa, sai dai sokewar ba ta rutsa da kai ba.

Mu fara da ita. Wannan rangwame yana sashe na 25C na dokar harajin Amurka. Tun 2005 yake, amma da can bai taka kara ya karya ba: a mafi yawan shekarun, dala 500 kacal a tsawon rayuwar mutum, da ka cinye shi ke nan. Dokar rage hauhawar farashi da Shugaba Biden ya sa wa hannu a watan Agustan 2022 ce ta ɗaga shi zuwa kashi 30 cikin 100, ta mayar da iyakarsa ta shekara-shekara, da nufin ya kai ƙarshen 2032. Sai babbar dokar haraji da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta datse wa'adin: duk na'urar da aka kafa bayan 31 ga Disamban 2025 ba ta da rabo. Abin da doka ke dubawa shi ne ranar da aka gama kafa na'urar har ta fara aiki, ba ranar da aka ƙulla ciniki ko ranar da aka biya ba. Kai a Nuwamba aka kafa maka, ka tsallake. Biyan da kake yi wata-wata ma bai hana komai ba, farashin gaba ɗaya za ka lissafa a shekarar 2025. Amma wanda ya ba da kafin alƙalami a Disamba, ma'aikata ba su zo ba sai Janairu, wannan ta leƙo ta koma.

To, kashi 30 ɗin fa? Yana nan a doka ga aikin da aka gama a 2025, amma kowane kaya da silin ɗinsa, wanda komai tsadar aikinka ba za ka wuce shi ba. Ka ɗauka kwando biyu ne. Na farko na famfon zafi ne, da irinsa na dafa ruwan wanka, da murhun itace mai ingancin da ya kai kashi 75; iyakar wannan kwando dala 2,000 a shekara. Na biyu ya ƙunshi sauran tarkacen: murhun gas, tukunyar ruwan zafi mai ɗumama gida, AC na tsakiyar gida, tagogi, ƙofofi, da abin toshe bango don kada zafi ya fita. Iyakarsa duka dala 1,200, kuma a cikinsa kowace na'ura guda ba ta wuce dala 600. Ko fada mutum ya gyara, dala 3,200 ce ƙarshen abin da zai samu a shekara ɗaya. Kenan 4,500 tun farko ba ta kan teburi.

Abin da ya sa aka fifita famfon zafi haka shi ne ba ya ƙona komai. Firji ne aka juya masa baya. Firji yana kwashe zafin cikinsa ya zubar a ɗaki, shi ya sa bayansa kullum da ɗumi. Shi kuma wannan yana tsinto zafin da ke iskar waje, ko da kai kana rawar ɗari, ya turo shi cikin gida. Da yake ɗauko zafi yake yi ba ƙirƙira ba, yakan ba da ninki biyu ko uku na wutar da ya ci. Da bazara kuma ya juya ya zama AC. Idan sanyin Ohayo ya kai inda ya kai ƙarfinsa yakan ragu, shi ya sa aka haɗa maka shi da murhun gas. Shawarar ba ta da laifi ko kaɗan.

Mu yi lissafi. Ba ka faɗi yadda aka raba kuɗin ba, don haka bari in ƙaddara famfon zafin da kuɗin kafa shi sun ci dala 10,500, murhun 4,500. Kuɗin aikin ma'aikata yana shiga lissafi a irin waɗannan na'urori, saɓanin tagogi da ƙofofi da ake lissafa kuɗin kaya kawai. Cakin kamfanin wuta sai an cire shi tukuna, domin a wurin IRS, hukumar harajin Amurka, ragin farashi ne, ba daga aljihunka ya fita ba. Saura 10,000. Kashi 30 ɗinta 3,000, silin ya mayar da ita 2,000. A nan cakin bai rage maka ko sisi ba, tunda duk famfon da ya haura dala 6,700 ya riga ya taɓo silin.

Murhun ne ya ba ni takaici. Lambar 96 da ka gani ita ce AFUE, ma'ana a kowace dalar gas da ka ƙona, senti 96 na zama ɗumi a cikin gida, 4 na bin bututu waje. Murhu ne mai kyau. Tsohon da ka cire wataƙila 80 yake ko ƙasa. Amma doka ba mai kyau ta ce ba. Ta ɗaure abin da mizanin wata ƙungiya da ake kira CEE, kuma ga murhun gas sai ya kai 97. Ƙiris ya rage, amma a haraji ƙiris da nisa duk ɗaya ne: dala 600 ta tafi. Mutanenmu da yawa nan suke faɗawa, domin sun ga tambarin Energy Star shuɗi a jikin kaya sun ɗauka magana ta ƙare. Ba duk mai tambarin ne ya cancanta ba. Wasu kuma farin bututun roba suke dubawa, wai tunda hayaƙin ba ta bututun ƙarfe yake fita ba, ai na zamani ne. Mai 92 ma ta farin bututun yake numfashi. Duk da haka ka sauka ƙasa da fitilar waya, ka buɗe murfin gaban murhun, ka ɗauki hoton farantin da ke ɗauke da lambar samfuri. Kamfani ɗaya yakan yi mai 96 da mai 97 masu kama da juna, lambar samfurin ce za ta raba gardama.

Shi ma famfon zafin ba sunansa ne ke ba shi cancanta ba. Dole ya kai matakin CEE mafi girma da ke aiki a farkon 2025, ban da matakin da suka ware a matsayin na musamman. Kuma ba akwatin da ke waje kaɗai ake aunawa ba, haɗinsa da naɗaɗɗen bututun da ke cikin gida ake gwadawa tare. Akwati ɗaya yana iya cancanta da wani haɗi, ya faɗi da wani. Don haka ka nemi ɗan kwangilar ya ba ka takardar shaidar AHRI (ƙungiyar da ke tantance ingancin irin waɗannan na'urori) mai lambar haɗinka, da takardar da masana'anta suka tabbatar cewa kayan sun cika sharaɗin 25C. Akwai kuma sabon sharaɗi da ya fara a 2025: sai masana'antar ta yi rajista da IRS, kuma sai ka rubuta lambarta mai harafi huɗu, QMID, a fom ɗinka. In babu ita ba a ba da rangwamen. Manyan kamfanoni sun sa ta a shafukansu na intanet.

Ka kuma dage a ba ka rasit mai layi-layi. Na taɓa zama da wani bawan Allah da ya miƙo mini takarda guda da aka rubuta «sabon tsarin ɗumama gida» da jimilla ɗaya a ƙasa, ba lambar samfuri, ba ranar kafawa. Sati biyu muna bin kamfanin a waya kafin suka raba kuɗin. Kai da ɗaya ya cancanta ɗaya bai cancanta ba, rabawar nan ita ce hujjarka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Wannan ba kuɗi ba ne da gwamnati ke aiko wa mutum, ragi ne daga harajin da ake bin sa. In harajin bai kai ba, ba a ba ka canji, ba kuma a ajiye maka ragowar zuwa baɗi. Ka buɗe fom 1040 ɗinka, wato babbar takardar harajin shekara, ka dubi layi na 18. In abin da ke wurin dala 1,400 ne, to 1,400 za ka ci, 600 ta bi ruwa. Kada kuma rarar da IRS ke mayar maka duk shekara ta ruɗe ka, ka ce ai ni ba na biyan haraji. Kana biya, ana yanka a albashinka na sito kafin ya iso hannunka. Rarar abin da aka yanka ya wuce ƙima ne. Rangwamen zai rage ainihin harajin, rarar ta ƙaru.

Abu biyu sun shafe ka kai musamman. Na ɗaya, Uber. Ribar da kake samu tana jawo harajin mai zaman kansa, kashi 15.3 na asusun fansho da lafiyar tsofaffi, kuma wannan rangwame ba ya taɓa shi. Harajin kuɗin shiga kaɗai yake ragewa. Na biyu kuwa daɗi ne da shi. Da yara uku, mai yiwuwa rangwamen yara ya saba share harajinka tas, har ka yi zaton babu gurbin da na hita zai shiga. Akwai. A tsarin lissafin, na hita ake fara cirewa, sannan na yara. Na yara a 2025 dala 2,200 ne kan kowane yaron da bai kai shekara 17 ba, kuma har 1,700 daga ciki ana iya ba ka a hannu ko harajinka ya ƙare, gwargwadon abin da ka samu da guminka. Kenan na hita ya cinye harajin, na yara ya gangara ya zama kuɗi. Manhajar haraji tana yin wannan da kanta, amma ka san da shi don kada wani mai cike fom na gaggawa ya ce maka ba amfani.

Ba ka ce ko akwai ɗan haya a gidan ba, amma na san halinmu, ɗakin ƙasa ba ya zama banza. In abin da aka ware na haya ko na sana'a bai wuce kashi 20 ba, rangwamenka cikakke ne. In ya wuce, sai a lissafa kason da iyalinka ke amfani da shi kawai. Mai gidan hayar da ba ya kwana a ciki ba shi da komai a nan, haka ma sabon gini. Gidanka tsoho ne, kana ciki, ka cika wannan. Babu kuma iyakar albashi, mai ƙaramin ƙarfi da attajiri duk ɗaya.

Cikewar ba wuya. Fom 5695, kashi na biyu. Jimillar ta hau jadawali na 3, layi na 5b, daga nan ta shiga 1040. Kashi na farko na masu sola ne da famfon zafi mai jawo ɗumi daga ƙarƙashin ƙasa, wancan dokarsa daban, a 2025 ba shi da silin, kuma ragowarsa tana tsallakawa shekara ta gaba. Kada ka rikita su. Ba a haɗa rasit da takardun shaida a aika, ajiyewa ake yi. Wa'adin harajin 2025 shi ne 15 ga Afrilun 2026, wanda ya nemi ƙarin lokaci da fom 4868 yana da har 15 ga Oktoba, amma ƙarin na aika takarda ne, ba na biyan abin da ake bin sa ba. In kuwa ka riga ka aika ba ka sa ba, sai ka gyara da fom 1040-X, kana da shekara uku daga ranar da ka aika na farko. Wannan ƙofa a buɗe take ga duk wanda ya sa irin wannan na'ura a 2023 ko 2024 bai nema ba, muddin shekara ukunsa ba ta cika ba. Ka faɗa wa mutanen masallaci.

Ka duba rasit ɗin da kyau ko an taɓa akwatin wutar gidan. Tsofaffin gidaje sau da yawa sai an ƙara musu ƙarfi kafin su ɗauki famfon zafi. In an canza shi zuwa mai amfiya 200 ko fiye saboda wannan aiki, shi ma yana da kashi 30 har dala 600, a kwando na biyu da murhunka ya bari wayam. Takardun kuma kada ka zubar bayan shekara uku yadda aka saba. Duk abin da ka ci na rangwame ana rage shi daga jarin da doka ta ɗauka ka zuba a gidan, kuma ranar da za ka sayar za a nemi wannan lissafi.