Tambaya da Amsa: Wane Rukuni ne a Cikin Wane?

Tambaya: Malam, ina tace lambobin wayar kwastomominmu a kasuwar Farm Centre da rejeks (tsarin alamomin neman rubutu) na Python, harshen rubuta manhaja. Ta yaya manhajata za ta gane rukunin da ke cikin wani, wato sassan rejeks da aka sa tsakanin baka `( )`? Daga mai karatu a Tarauni.

Amsa: Ƙanena, a Python `groups` adadin rukunai kawai zai ba ka, `groupindex` kuma rukunai masu suna da lambobinsu; ba sa nuna wane ke cikin wane. Sai ka bi rubutun rejeks ɗin harafi-harafi. Duk baka mai buɗewa `(` ka ba ta lamba, fara daga 1, ka ɗora ta kamar ana jera faranti. Mai rufewa `)` ta zo, sauke na sama. Wanda ke ƙarƙashinsa shi ya ƙunshe shi.

Amma kula, nan na taɓa kwana ina neman kuskure: `\(` da bakar cikin `[ ]` haruffa ne zalla, ka tsallake su. Shi kuwa `(?:`, mai buɗe sashen da ba a ƙirga shi a rukunai, ɗora shi, amma kada ka ba shi lamba.