Ciwon ɓarin kai da haɗowar hadari

Wa'alaikumus salam ɗiyata, naga saƙonki. Kince duk sanda hadari ya haɗo sai ɓarin kanki ya kama sara harda tashin zuciya, dangin mijinki wasu sunce a kira wanzami ya miki tsaga a gefen goshi, wasu kuma sunce shafar aljanu ce, shine kike tambaya wai ya akeyi a gidanmu da.

Toh abin dai na gado ne. Kakarki Allah ya jiƙanta tun kafin a ga baƙi a gabas take cewa a kwashe shanya yau akwai ruwa, kanta ya faɗa mata, kuma sau da yawa sai kiga anyi ruwan. Ba duba bane, ba camfi bane. Ita iskar nan da muke ciki tana da nauyi, in hadari zai taso nauyin yana canzawa, ga gumi ga zafi ya ƙaru, shi kuma mai wannan ciwon jijiyoyin kansa basa son canji ko kaɗan, abinda wani bazai ma ji ba shi sai ya kwantar dashi. Likitoci sun san ciwon sarai, kusan mutum 1 cikin 7 a duniya na fama dashi, kuma mu mata munfi maza wajen ninki uku, musamman lokacin al'ada. In ya tashi yana iya kaiwa daga awa 4 har kwana 3, wasu ma sai sun fara ganin walƙiya-walƙiya a ido kafin ya sauko, irin wannan ne mutane ke gani su ce aljanu.

Kuma ba hadari kaɗai ba. Zafin bazara na Afrilu da ake haura digiri 40 a Kano, ƙurar hunturu, hasken rana tsaka, ƙishirwa, rashin barci, tsallake cin abinci, duk suna tada shi, yawanci ma haɗuwa suke biyu ko uku sannan ya buge ki.

Abinda iyayenmu keyi mai kyau ki riƙe shi. A ɗaure kai tamau da ɗankwali, a shiga ɗaki mai duhu a saki labule, a sa tsumma mai sanyi a goshi, a kori yara waje, a sha ruwan randa. Wallahi ko asibiti kika je zasu ce ki nemi duhu da shiru. Ki ajiye wayar nan ma, haskenta ƙara miki yake. Turaren wuta kuwa ki kiyaye, nasan amarya ce ke kina son ɗaki da ƙamshi amma ƙamshi mai ƙarfi na tada shi ga wasu.

Tsaga kam ban yarda ba. An yiwa mata da yawa a zamaninmu, tabon yana nan ciwon ma yana nan, ga aska ɗaya da ake yiwa mutane da yawa tana iya yaɗa ciwon hanta. Ki faɗa musu cikin ladabi kice goggonki ce ta hana, ni zan kira surukarki da kaina.

Ki samu ɗan littafi ki dinga rubuta ranar da ya tashi da yadda gari yake da abinda kika ci, ki kaiwa likita. Magani a farkon ciwo yafi aiki, amma kar ki maida farasitamol abin sha kullum, wanda ke shansa kwana 15 ko fiye a wata shi kansa maganin yana jawo wani ciwon kan.

In kuma ciwon kai yazo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman lokacin zafi da ƙura, wannan ba na hadari bane, sanƙarau ake tsoro, mu da muka ga annobarsa ta 1996 bama wasa dashi. Haka in ya sauko farat ɗaya da tsanani ko hannu ya mutu ko baki ya karkace, asibiti a take ko da tsakar dare ne. Ki gaida maigidan, Allah ya ƙara sauƙi.