Bayan ambaliya, da me ƙungiyar unguwa za ta fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu da ke kusa da rafin Kubanni a nan Zariya. Ruwan da aka tafka a watan Agusta ya shiga gidaje, ya kayar da katangu da ɗakuna, har yanzu wasu iyalai suna raɓe a gidajen 'yan'uwa. Mun yi karo-karo, 'yan unguwa mazauna Kaduna da Abuja ma sun turo gudunmawarsu, amma kawunanmu sun rabu: wasu na cewa a raba kuɗin, wasu a sayi siminti da kwano, wasu kuma a gyara magudana. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya mayar muku da alheri, Ya kiyaye gaba. Shawarata ita ce kada ku taɓa kuɗin nan tukuna sai kun rubuta asarar kowane gida, kuma kada a ɗora tubali ko ɗaya sai kun gano hanyar da ruwan ya bi ya shigo, domin ɗakin da aka sake ginawa a kan hanyar ruwa, damina mai zuwa ce za ta sake kwantar da shi.

Ku fara da rajista. A kafa ƙaramin kwamiti da ya ƙunshi wakilin mai unguwa, da limami, da matasa biyu masu iya rubutu, da mata dattijai aƙalla biyu, su bi gida-gida. Na nace a kan mata ne saboda abin da na sha gani: namiji yakan tsaya a zaure ya ji ta bakin maigida kawai, alhali a cikin gida akwai bazawara da ɗakinta ya faɗi, ko mai sana'ar ƙuli-ƙuli da ruwa ya tafi da buhun gyaɗarta, wanda shi ne jarinta gaba ɗaya. Haka nan 'yan haya, waɗanda galibi ake mantawa da su saboda sunan mai gida ake rubutawa, bayan kuwa katifa da hatsi da takardun makarantar yaran da suka jiƙe nasu ne. A rubuta yawan mutanen gida da abin da ya lalace, a ɗauki hoto da waya, sannan a karanta sunayen a bainar jama'a bayan sallah domin duk wanda aka tsallake ya yi magana. Wannan littafin ne za ku miƙa wa ƙaramar hukumarku, ta Zariya ko ta Sabon Gari, da hukumar ba da agajin gaggawa ta Jihar Kaduna, wadda ke aiki tare da takwararta ta tarayya, wato NEMA, da aka kafa a 1999. Jami'an agaji sun fi saurin sauraren al'ummar da ta zo da takarda a tsare, ɗauke da hatimin dagaci ko hakimi.

Kafin maganar gini akwai ta ruwan sha, kuma ita ba ta jira. Idan ambaliya ta cika masai, ƙazanta tana malala cikin rijiyoyi, daga nan ne amai da gudawa ke ɓarkewa. Duk rijiyar da ruwa ya shiga a yashe ta, a nemi jami'an duba-gari su zuba mata sinadarin kulorin, a riƙa tafasa ruwan sha kafin a kammala. Idan za a haƙa sabon masai, ƙa'idar masana lafiya ita ce ya nisanci rijiya da kimanin mita 30.

Sai babbar magana, wato hanyar ruwa. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi. A da, kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne ke tare wannan ruwa, su riƙe shi har ya tsotse a hankali. Yau an cike da yawa daga cikinsu da shara an yi gini a kai, kwalbatoci sun toshe da leda da yashi, ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Saboda haka ku zagaya da dattawan da suka san unguwar tun kafin ta cika, su nuna muku inda ruwa ke bi a da, ku kwatanta da tabon da ya bari a jikin bango. Kuna da sa'a cewa Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru da sassan nazarin gine-gine da tsara birane, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, don haka neman injiniyan da zai auna muku gangare ba zai yi wuya ba. Yashe lambatu aikin gayya ne da matasa za su gama da shebur da baro. Amma idan katangar wani ce ta tare hanya, kada matasa su rushe ta da hannunsu. A bi ta wajen mai unguwa da dagaci, in ta ƙi ci a kai wa hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA. A ganina kaso mafi tsoka na kuɗinku nan ya kamata ya tafi, tun da magudana ɗaya tana kare wanda ya yi asara da wanda bai yi ba.

Game da gini, kada ku yi gaggawa. Ku jira ruwa ya ɗauke a wajen Oktoba, ƙasa ta bushe. Mutane suna ɗora wa ginin ƙasa laifi, alhali Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya yi sama da shekara ɗari da hamsin a tsaye kafin wani ɓangarensa ya rufta a 2023, wanda ke nuna cewa ƙasa tana daɗewa idan ta sami gwani da kulawa. Bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa: ruwa ya kwanta, danshi ya hau, ƙasan ya ruɓe, saman ya rufto. Maganinsa shi ne harsashi na dutse ko bulo da siminti wanda ya ɗara tabon ruwan bana, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa don tare danshi, sannan a ɗora tubali, a kuma sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango. Shafa siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa yakan ɓamɓare ya kuma ɓoye danshi a ciki. Duk aikin siminti da aka yi cikin hunturu a riƙa ba shi ruwa har kwana 7, don iska tana busar da shi kafin ya kama.

Masu cewa a raba kuɗi suna da hujja, domin yunwa ba ta jiran rani. A ware wani kaso don abinci da magani da ɗan jari ga marayu, da zawarawa, da tsofaffi. Na gini kuwa a sayi kayan a sari, a biya magina kai tsaye, a fara da gidan da iyalinsa ba su da wurin kwana.

Kuɗin kansa kada ya kwana a asusun mutum ɗaya, komai amincinsa, domin zargi kaɗai ya isa ya tarwatsa ƙungiya. Ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ku buɗe asusun banki da sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kafin a cire ko sisi, ku riƙa manna bayanin shiga da fita a ƙofar mai unguwa duk wata, ku tura kwafinsa ga 'yan'uwanku na Kaduna da Abuja. Idan hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ta fitar da hasashen damina a farkon shekara, ku kira taro a kansa, ku sa ranar yashe lambatu a watan Afrilu kafin ruwan farko ya sauka.