Amsar tambayarka kan mu da 'yan Fada

Ɗana, na ga saƙonka. Kana tambaya me ya sa tsofaffinmu na ikilisiyar ECWA suke ɓata rai in yaro ya ce 'yar Katolika zai auro, alhali Almasihu ɗaya muke bi. Maganar ta girmi babanka.

Turawan Mishan na SIM, tushen ECWA, wato su Bingham, sun iso Legas a 1893, amma sai 1902 suka kafa tasha a Patigi. 'Yan Fada kuma, wato Katolika, suka sauka Shendam a 1907. Gona ɗaya aka shiga nomawa, kowa na leƙen kunyar ɗan'uwansa.

Babban ƙorafinmu baftisma ne. A wurinmu sai ka zauna aji, wani har shekara biyu, ka iya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ka ba da shaida da bakinka gaban jama'a, sannan a nutsa ka a rafi. Ni kaina sau biyu dattawa suka mayar da ni, don an gan ni da ƙwaryar burukutu a wurin gayya. Na yi kuka ranar. 'Yan Fada kuwa jariri suke zuba wa ruwa, a rataya masa lambar Maryamu a wuya. Kakanka yakan ce an cire laya an sa wata. Giya ma Fada bai hana ba, maye kawai ya hana, ga sujada da Latin da ba mai ji, sai bayan babban taronsu na Vatican da aka gama a 1965 aka sauya.

An kuma ce da makaranta suke farautar yara. A nan ba mu yi musu adalci ba, don mu ma haka muka yi da magani. Kakarka gyambo ne ya kai ta ɗakin shan maganin Mishan ɗinmu, daga nan ta fara zuwa majami'a, kuma ta mutu cikin bangaskiya. Katikis ɗin 'yan Fada ma, wato malamin addininsu, na gan shi da idona yana koyar da yara har su haddace.

Kan baftisma dai ina nan inda nake, sai mutum ya san abin da ya karɓa. Don haka kafin a kai kaya, ku zauna da yarinyar ku daidaita inda za a ɗaura aure da yadda za a yi wa 'ya'yanku baftisma, domin Fada zai tambaye ta. Ka kawo ta gida da Kirsimeti ta gaishe da gwaggonka, ni zan yi wa babanka magana.