Amsa ga Yarona Kan Zaɓen Mariƙin Gorar Ruwa na Keke

Ɗana, jiya da la'asar, bayan mai farin keken nan na gwanjo ya tafi, ka tambaye ni dalilin da ya sa na mayar masa da mariƙin gora na kabon (wani abu mai ƙarfi mara nauyi da ba ƙarfe ba) da ya zo da shi a leda, na ɗaura masa na alminiyam wanda bai kai shi tsada ba, sannan ka ce kana so ka san yadda za ka zaɓa wa mai keke wannan abu ranar da ba na shago. A lokacin hannuna yana cikin giris, ga kiran sallah ya matso, shi ya sa ban ba ka amsa ba. Ga ta yanzu a tsanake.

Kafin ka taɓa kwalin mariƙai, ka fara duba firam ɗin keken. A jikin bututun da ya gangaro daga wuyan keke zuwa wajen feda za ka ga ramuka biyu masu tiredi, wani lokaci kuma da wasu biyun a bututun da sandar sirdi ke shiga. Tsakanin ramukan nan milimita 64 ne, kuma notin da ke shiga cikinsu mai kaurin milimita 5 ne, wanda ake kira M5, yawanci alanki (ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida da ake zura wa a kan noti) mai lamba 4 ne ke ɗaure shi, wasu kuma mai lamba 3. Masu ƙera kekuna sun daɗe da haɗuwa a kan wannan awo, saboda haka mariƙin da aka yi a Sin zai hau keken da aka ƙera a Italiya ba tare da ka fiƙe komai ba. Ita ma gorar da aka yi domin keke tana da nata awon: kaurinta kusan milimita 73 zuwa 74 ne, kuma akwai wani tsagi da ya zagaye ta a ƙasan kafaɗa, inda harshen mariƙin ke shiga ya kama ta. Ko mai cin mililita 500 ce ko mai 750, kaurin ɗaya ne, tsawo ne kawai ya bambanta.

A nan ne yawancin yaran shago suke kuskure, domin ba sa tambayar mai keke irin gorar da zai riƙa sakawa. Mutanenmu da dama ba su da gorar keke. Gorar ruwan kanti suke saya, irin su Eva ko Swan, su sha, su sake cikawa daga randa ko famfo. Wannan gora ba ta da tsagin da na faɗa maka, ba ta cika kaurin da aka auna mariƙin da shi ba, kuma robarta tana da laushi, tana lotsewa da zarar ruwan ya ragu. Na taɓa bin bayan wani matashi a Titin Zariya, yana tafiya da gudu, sai tayarsa ta gaba ta faɗa wani ɗan rami a gefen kwalta. Ina kallo gorar ta yi tsalle ta fice, ta gangara tsakiyar titi tana juyi, shi kuma ya waiwaya da niyyar tsayawa ya ɗauka, ga Adaidaita Sahu biyu a bayansa suna danna hon. Allah ne ya kiyaye shi a ranar. Tun daga lokacin na daina ɗaukar wannan ɗan ƙarfe a matsayin ado, kuma ba na sallamar keke sai na ga gorar mai shi da idona. Idan ta kanti ce, ka ba shi mariƙi mai maɓallin da ake matsawa a buɗe ko a tsuke bakinsa, ko kuwa ka shawo kansa ya sayi gorar keke ta gaskiya, wadda ita ce shawarar da na fi so.

Sai maganar abin da aka yi mariƙin da shi, wadda ita ce ainihin tambayarka. Na alminiyam shi ne abokin aikinmu a garin nan, domin idan ya saki za ka iya cire gorar ka sa tafin hannu ka danna hannayensa ciki kaɗan, riƙonsa ya dawo kamar sabo. Aibinsa biyu ne: yana barin baƙin zane a jikin gora, kuma idan aka yi ta lanƙwasa shi ana miƙewa, wata rana zai tsage a wajen walda. Na ƙarfen da ba ya tsatsa, irin wanda muke kira silba, ya fi shi juriya, yana karɓar lanƙwasa, ba ya ɓata gora, sai dai ba kullum ake samun mai kyau a kasuwa ba. Idan ka ci karo da shi a jikin keken gwanjo, kada ka yar. Na roba yana riƙo da kyau yana sabo, amma mai araha ba ya jure ranar Kano. Keken da ke yini a waje a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, robarsa takan bushe ta yi fari, har ta kai ranar da za ta karye a hannun mai ita yana cusa gora.

Na kabon kuwa ba na ƙinsa don ƙiyayya. Na asali yana da ƙarfi kuma ba shi da nauyi, amma ba a lanƙwasa shi, yadda ya zo haka zai zauna, in ya kama gorar to, in bai kama ba babu gyara. Wanda mutumin jiya ya kawo na saka masa gorarsa na ga tana rawa a ciki, na kifa shi sai ta zame. Abin da ake saye a kabon shi ne rashin nauyi, kuma bambancin da ke tsakaninsa da na alminiyam bai wuce giram 20 zuwa 30 ba, alhali ruwan da ke cikin babbar gora shi kaɗai giram 750 ne. Ga ɗan tsere wannan lissafi yana da ma'ana, amma ga mai zuwa aiki daga Kurna zuwa Sabon Gari a kan gargada, riƙo ne abin da ya biya kuɗi dominsa.

Idan firam ɗin ƙarami ne, ko na hawan tudu mai sifirin a tsakiya, gorar ba za ta fito ta sama ba, za ta bugi bututun da ke bisanta. Irin wannan keke mariƙi mai buɗewa ta gefe yake buƙata, kuma akwai na dama akwai na hagu, don haka ka tambayi mai keke da wane hannu yake ɗauka. Ka lura kuma cewa wanda ya buɗe ta dama a bututun gaba, idan ka mayar da shi bututun sirdi ta hagu zai buɗe.

Wajen ɗaurawa nake so ka fi natsuwa, domin mariƙi idan ya lalace ana canza shi, firam kuwa ba a wasa da shi. A yawancin kekunan alminiyam, tiredin ramukan nan ba a jikin bututun yake ba. Wani ɗan noti ne aka cusa aka matse shi kamar ribiti. Ina sabon shiga sana'a na taɓa dannawa da ƙarfi a kan keken wani bawan Allah, sai na ji alankin ya yi sakwa-sakwa a hannuna, notin ciki ya kwance yana juyawa tare da na waje, ba ya shiga ba ya fita. Rabin yini maigidana ya ɓata kafin ya sake matse shi, kuma har yau ina tuna shirun da ya yi. Saboda haka ka shafa ɗan giris a tiredin, ka fara juya notin da yatsunka har ya shiga sumul, sannan ka sa alanki ka riƙe shi ta gajeren ɓangarensa, da ka ji ya zauna ka tsaya. A bututun sirdi kada ka sa noti mai tsawo, domin zai tokare sandar sirdi ta ƙi sauka. Idan kilif ɗin giyar gaba ya faɗo tsakanin ramukan biyu, ka sa washa a ƙarƙashin mariƙin ya ɗaga kaɗan ya tsallake shi. Ko mai keke ya ce ba ya son mariƙi, ka bar notinan a ramukansu, saboda ruwan damina yana shiga ta nan ya kwanta a cikin firam.

Tsofaffin kekunanmu irin su Raleigh da Phoenix ba su da waɗannan ramuka, kuma za a zo a ce maka ka huda. Kada ka huda. Ka yanko tsohon tif ka naɗa a bututun don kare fenti da hana zamewa, ka ɗaure mariƙin da kilif biyu irin na tiyo, ka tabbata bai danne wayar birki ba. Akwai kuma wanda ake ɗaurawa a kan hannun keke, kuma yana da amfani a lokacin hunturu da damina, tunda gorar da ke ƙasa ita ce ke shan ƙura da taɓon da tayar gaba ke watsowa. Wanda ya nace sai ta ƙasa, ka ce ya nemi gora mai murfin da ke rufe bakin sha.

Idan ka gama, ka cika gorar da ruwa, domin wadda babu komai a cikinta ba ta nuna gaskiyar riƙo. Ka saka ta, ka ɗaga keken kamar taƙi ɗaya ka sake shi ya dira a kan tayoyinsa sau uku, ka saurara ko za ka ji ƙara. Sannan ka hau, ka cire ta da hannu ɗaya ka mayar ba tare da ka kalli ƙasa ba. Idan sai ka yi kokawa kafin ta fito, ya yi tsauri, ka ɗan buɗe shi. Idan tana motsi, ka matse. Akwai jan keken nan da aka kawo da safe, mai ƙaramin firam, yana jingine a bayan benci. Gobe idan Allah ya kai mu kai za ka zaɓa masa mariƙi ka ɗaura, ni kuma zan duba kafin mai shi ya zo.